Bututu ya ratsa gonarmu amma ruwan karo muke saye: wa ke da iko da ruwa, jiha ko tarayya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Shuwak da Gadarif. Bututun da ke kai wa birni ruwa ta gefen gonata ya wuce, da dare in ka tsaya kusa da shi har motsin ruwan kana ji. Amma mu ganga-ganga muke saye a hannun masu karo, wato amalanken jaki, da bazara kuwa kuɗin ruwa ya fi na cefane. Wasu sun ce mu kai kuka majalisar jiha ta yi doka a yanka mana reshe. Wasu sun ce jiha ba ta da ta cewa, maganar ruwa ta Khartum ce. Na kuma ji ana cewa mutanen da kogi ke ƙasarsu suna iya hana a ɗebi ruwansu a kai wata jiha. Wanne ne gaskiya, kuma ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo mana sauƙi. Tambayarka guda biyu ce a cikin riga ɗaya: wa ke da ruwan da ke cikin kogi, sannan wa ke da ruwan da ya riga ya shiga bututu. Mutane suna haɗa su, shi ya sa kowanne ɓangare na masu ba ka shawara ya faɗi rabin gaskiya. Ni aikin ban-ruwa na yi, na shekara da shekaru ina bin tur'a, wato magudanan ban-ruwa, da gidajen famfo tsakanin Madani da Sinnar da gabas, don haka amsar da zan ba ka ta injiniya ce wanda takardun doka suka sha bi ta teburinsa. Ba ta lauya ba ce.

Ruwan kogi na tarayya ne, kuma da dalili

Kogin Atbara da Sitit, da Rahad da Dindir, da Bahar Azraƙ da ya ratsa Mai Wurno, duk rassan Nilu ne. Duk abin da aka ɗiba a cikinsu ana rubuta shi a littafin lissafi guda, domin Sudan tana da yarjejeniya da Masar. A yarjejeniyar 1929, wadda Ingila ta sa wa hannu a madadinmu, an ba Masar kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan biliyan 4. A watan Nuwamba na 1959 aka sake zama, aka ɗauka cewa abin da ke isa Aswan a shekara biliyan 84 ne, aka cire biliyan 10 na abin da rana za ta shanye a tafkin babbar madatsa, Masar ta ɗauki 55.5, Sudan 18.5. Aka kuma kafa kwamitin injiniyoyi na dindindin na ƙasashen biyu mai lura da awon. Habasha ba ta cikin wannan yarjejeniya kuma ba ta taɓa yarda da ita ba, amma wannan wata magana ce.

To ka ga, in ƙasa ta yi alkawarin ba za ta wuce mudu kaza ba, ba zai yiwu ta bar jihohi 18 kowa ya riƙa zuba nasa mudun yadda ya ga dama ba. Wannan tunani tsoho ne. Tun 1939 akwai dokar da ta ce ba a kafa babur, wato injin jan ruwa, a bakin Nilu a ja ruwan noma sai da lasisi. Daga baya aka yi dokar ban-ruwa da magudanai ta 1990, sannan dokar albarkatun ruwa ta 1995, wadda ta ɗora wa ma'aikatar tarayya rabon ruwa da ba da lasisi, ta kuma tanadi majalisar ƙasa ta albarkatun ruwa.

Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 shi ya fi fayyace iyakar. A jerin ikon gwamnatin ƙasa ya sa kula da ruwan Nilu, da ruwan da ya tsallaka iyakar ƙasa, da sasanta rigima a kan ruwan da jihohi suka yi tarayya a kansa. A jerin ikon da tarayya da jiha suke rabawa kuma ya sa albarkatun ruwa waɗanda ba su tsallaka daga jiha zuwa jiha ba. An soke wannan kundi a 2019, takardar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya ta maye gurbinsa, amma dokokin da ke ƙasa ba su faɗi tare da shi ba, kuma ofisoshi a kan wannan rabon suka ci gaba da aiki. Saboda haka wanda ya ce maka maganar ta Khartum ce bai yi ƙarya ba, in ruwan kogi yake nufi.

Abin da ke hannun jiha

Amma kai ba kogi ka nema ba. Kofi ka nema. Ruwan sha kuwa, tun da aka raba ƙasa jihohi 26 a 1994, a hankali aka miƙa shi ga jihohi. Kowace jiha tana da hukumar ruwanta, da dokar jiha aka kafa ta, ita ke tafiyar da tashoshin tace ruwa, da bututun cikin gari, da donki-donkin karkara (rijiyoyin burtsatse masu inji da tanki), da hafirai (tafkunan da ake haƙa domin tara ruwan sama), ita ce kuma ke karɓar kuɗin ruwa. Ta tarayya aikinta tsara manufa da ƙa'idar inganci da nemo kuɗin manyan ayyuka. Layin da ka ambata kansa da wutsiyarsa duk a cikin jihar Gadarif suke. Izinin ɗibar ruwan daga kogi na tarayya ne, amma wa zai sha a kan hanya, wannan hukunci ne na mai tafiyar da layin.

Sai dai shawarar a kai kuka majalisar jiha tana da matsala ɗaya: babu majalisar. An rushe majalisun dokoki na ƙasa da na jihohi a watan Afrilu na 2019, kuma majalisar riƙon ƙwarya da aka yi alkawari ba a taɓa kafa ta ba. Abin da ake kira dokar jiha a yau, wali ne, wato gwamnan jiha, da muƙarrabansa suke fitar da shi a matsayin umarni. Ta wani gefen wannan ya gajarta hanya, sa hannu ɗaya ya isa. Ta wani gefen kuma abin da wali ya bayar da alƙalami, wanda ya gaje shi yana iya sharewa da alƙalami. Na ga irin wannan da idona fiye da sau ɗaya.

Kuma in gaya maka gaskiya, ko da majalisar tana nan, doka ba ita ce abin da ya rage muku ba. Yanka reshe a bututu ba ya bukatar sabuwar doka. Yana bukatar lissafin injiniya, da layi a kasafin kuɗi, da wanda zai ɗauki nauyin biyan wuta.

Aikin Rahad, inda ruwa ya bar jiharsa

Domin ka gane dalilin da ya sa ba a bar wa jiha ikon riƙe ruwa ba, dubi aikin noman rani na Rahad da aka buɗe a 1977, mai faɗin kusan faddan 300,000 (faddan ma'aunin gona ne, kusan eka ɗaya), hedikwatarsa a Fau. Kogin Rahad na damina ne, yana cika 'yan watanni ya ƙafe. Da shi kaɗai ba a yi noman auduga ba. Abin da aka yi shi ne aka kafa gidan famfo a Mina, a bakin Bahar Azraƙ ta wajen Sinja, ana ɗaga ruwan da madatsar Rusairis ta adana, a zuba shi a magudanar da ta yi tafiyar kimanin kilomita 80. A kan hanya ta ci karo da kogin Dindir, sai aka nutsar da ita ta ƙarƙashinsa ta ɓulla a ɗaya gaɓar. Daga nan ta zube a kogin Rahad, shingen Abu Rakham ya tare ruwan ya juya shi cikin babbar tur'ar aikin.

Yanzu ƙirga. An adana ruwan a yankin Bahar Azraƙ. An ɗaga shi a jihar Sinnar. An noma da shi a jihar Gadarif da jihar Jazira. Ranar da na fara tsayawa a bakin wannan mashiga ta ƙarƙashin Dindir, ina matashi, abin da ya ba ni mamaki shi ne kogi a sama busasshe, yashi sai ƙyalli yake, shanu na tafiya a kai, a ƙarƙashinsu kuma ruwan wani kogin daban na wucewa zuwa gonakin mutanen da ba su taɓa ganin wurin ba. Da a ce kowace jiha tana da makulli, da ranar da gwamnoni biyu suka yi saɓani gyaɗar manomin Fau ta bushe.

Haka Jazira da Manaƙil, sama da faddan miliyan 2 da ke sha daga madatsar Sinnar ta 1925. Madatsar tana wata jiha, yawancin hawashoshin, wato gonakin manoman aikin, suna wata. Haka Halfa Sabuwa da ke sha daga madatsar Khashmul Girba tun 1964, wadda aka yi domin mutanen Wadi Halfa da tafkin Aswan ya ci garinsu. Kusan duk wani babban aikin ban-ruwa a ƙasar nan ruwan wani wuri ne aka kai wani wuri.

Inda ayyukan ke mutuwa

Abin da na koya a aiki shi ne, manyan ayyukan ruwa ba kasafai suke mutuwa saboda rashin ruwa ba. A gaɓar da ke tsakanin mai gini da mai riƙo suke mutuwa. Tarayya ta ciwo bashi, ta kawo ɗan kwangila, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Sannan a miƙa wa hukumar jiha famfunan da kuɗin wutarsu na wata ya fi abin da take tarawa a hannun masu biyan ruwa. Babu takardar da ta ce wa zai sayi kayan gyara, wa zai kwashe laka. Shekara kaɗan sai ka tarar famfo shida, biyu ke juyawa, an ciro kayan sauran an gyara su da su.

Laka kuwa ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce. Khashmul Girba an gina ta da ɗaukar kubik mita biliyan 1.3, laka ta cinye kusan rabi. Hakan na cikin dalilan gina madatsun Atbara ta Sama da Sitit da aka buɗe a 2017, kuma a kansu ne aka rataya aikin da ku mutanen Gadarif kuke kira "hallul jazri", wato maganin ƙishirwar garin daga tushe. Ka fi ni sanin yawan shekarun da aka yi ana faɗin wannan suna. Gadarif gari ne da ke kan baƙin dutse, ruwan ƙasansa kaɗan ne, kogi kuma yana nesa da shi kimanin kilomita 70 kuma a ƙasa da shi, don haka kowace ganga sai an tura ta sama da wuta ko gas.

Bur Sudan ta fi ku shiga uku. Garin ya dogara ne da rafin Khor Arba'at, maganar janyo masa ruwan Nilu daga wajen Atbara, tafiyar fiye da kilomita 400 ta tsallaka duwatsun Bahar Maliya, an daɗe ana yinta ba a yi ba. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gwamnati da dubban masu gudun hijira suka koma can, sai kuma madatsar Arba'at ta fashe a watan Agusta na 2024. Jihar Bahar Maliya ba ta da kuɗin wannan bututu, ba ta da ikon kogin, kuma layin zai fara ne a cikin wata jiha. Dokarta ita kaɗai ba za ta motsa ko shebur ɗaya ba.

Me ya sa ake ƙin yanka muku reshe

Kada ka ɗauka mugunta ce kawai, ko da yake wani lokacin sakaci ne tsagwaronsa. Babban layi an auna shi ne ya kai ruwa kaza, da ƙarfi kaza, zuwa tanki kaza. Kowane rami da aka huda yana rage ƙarfin da zai hau tudun ƙarshe. In aka ba ƙauye ɗaya, ashirin za su taso, kuma duk suna da gaskiya. Sannan wasu layukan ɗanyen ruwa suke ɗauka zuwa matata, wanda in aka ba mutane shi kai tsaye da damina, laka da cuta aka ba su.

Amma wannan hujja tana da iyaka. Wata shekara an tura ni wani layi, ba naku ba, saboda ruwa ya daina isa gari yadda ya kamata. Muka bi shi da ƙafa ni da wani ma'aikaci. A wani kwari muka tarar an ɗaga murfin ɗakin bawul ɗin fitar da iska, an cusa tiyo, mata sun jera jarkoki har sun yi lanƙwasa, wani dattijo na zaune a kan murfin da sanda yana tsara layi, ba ya karɓar ko sisi. Ƙasan wurin ya zama fadama, har kwaɗi sun tare. Da ya gan mu bai tashi ba. Ya ce, "Ɗana, kun zo rufewa ne? To ku fara sha tukuna, kun sha rana." Muka sha.

Da na koma na yi lissafi. Ka yi naka ma haka: mutum 3,000, kowa lita 20 a yini, wadda ita ce ƙaramar ƙa'idar da hukumomin lafiya ke aiki da ita, ya kama lita 60,000, wato kubik mita 60. Abin da ke tsiyaya dare da rana ta wannan bawul da aka lalata ya fi abin da mutanen ke sha nesa ba kusa ba. Na rubuta cewa a gina musu tanki da mita, a rufe ɓarnar, gari ma zai ƙaru. An yarda da lissafin cikin mako guda. Amma sai da aka shekara biyu ana jan magana a kan wa zai biya kuɗin abin da mitar ta karanta, ƙaramar hukuma ko mutanen ƙauye. Kowane ofishi na cewa na wancan ne.

Ruwan sha ba shi ne ke cinye rabon Sudan ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da muke ɗiba noma ke sha. Duk wanda ya ce muku yarjejeniyar Masar ce ta hana a ba ƙauyenku famfo, ya raina muku hankali ne.

Masu kogi za su iya hanawa?

A doka, a'a. Jiha ba ta mallaki kogin da ya ratsa ta ba, ƙabila ma haka. Amma ƙasar da za a haƙa, da mutanen da za a tasa, wannan wani abu ne da doka ta sha raina shi ta kuma sha kunya. Magudanar Jongulai da aka fara haƙa a 1978 domin a tsallake fadamun kudu a ƙara ruwan da ke isowa arewa, an ci kusan kilomita 240 cikin 360, yaƙi ya tsayar da ita, ƙatuwar na'urar haƙan tana can ta yi tsatsa. Makiyayan da za ta yanke wa hanya ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. Madatsar Marawi an gama ta a 2009, amma rigimar Manasir da mutanen Amri, waɗanda madatsar ta tasa, a kan inda aka mai da su ta daɗe. A Kajbar an harbe mutum huɗu a watan Yuni na 2007 wajen zanga-zangar ƙin madatsa, madatsar kuwa ba a gina ta ba.

Mu Hausawa wannan ya shafe mu fiye da yadda muke zato, domin da yawanmu a bakin ruwa muke: masu noman jarfi, wato gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, masu lambu, masunta. In ruwa ya hau ko ya sauka, mu yake fara taɓawa. Kuma da yawa daga cikinmu suna noma ƙasar da babu takardarta, ranar diyya kuwa takarda ake tambaya. Dubi mazauna kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona, a Jazira. Kakanninsu suka tsinci audugar aikin, amma da yake ba a zana matsugunansu a taswirar aikin ba, da yawa daga tur'a suke sha, tsargiya na cin yara. Ruwa na bakin ƙofarsu, sunansu ne ba ya cikin takarda.

Ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Ku fara da gano wanda ke riƙe da layin a yau. In tsohon layi ne da ke aiki, hukumar ruwan jiha ce. In sabo ne da ba a miƙa ba, yana hannun wanda ya gina shi, kuma wannan ne lokacin da ya fi muku kyau, domin ƙara mahaɗa ɗaya kafin a binne bututu ya fi sauƙi nesa da huda shi bayan ya cika. Mai gadin tashar famfo mafi kusa da ku zai gaya muku wa ke biyansa albashi, wannan ya isa amsa.

Sannan ku je da takarda, kada ku je da kuka kawai. Ku rubuta yawan gidaje da mutane, da yawan dabbobi daban, don saniya da bazara ta fi mutum sha kuma injiniya zai tambaya. Ku rubuta nisan ƙauye daga layin, da kuɗin ganga a watan Afrilu da Mayu. Kada ku nemi famfo gida-gida. Ku nemi mahaɗa ɗaya, da mita, da tanki a sama wanda zai cika da dare sa'ad da layin ke da sarari. Ku faɗa a rubuce cewa kwamitinku zai tara kuɗin mitar, ku sa sunan ma'aji. Wannan jumla ɗaya ita ke kashe gardamar da ta ci mana shekara biyu. Takardar ta bi ta hannun shehun ƙauye da omda, wato hakimi, zuwa shugaban mahalliya, wato ƙaramar hukuma, kwafi ya tafi hukumar ruwa, ku karɓi hatimin shaidar an karɓa. In kuna da maƙwabta a kan layin, ko wace ƙabila ce, ku haɗa takarda ɗaya. Ƙauyuka biyar da tanki ɗaya a tsakiya sun fi saurin samun amsa, kuma ba wanda zai juya maganar ta zama ta ƙabilanci.

In layin yana cikin gonarka ne sosai, ka tambaya ko an rubuta ka cikin waɗanda aka biya haƙƙin hanya. Wannan ɓangare na lauya ne, ka nemi wanda ya san dokar filaye, ni ba zan yi maka fatawa a kai ba.

Kada kuma ku rataya komai a kan bututun. Ƙasarku baƙar laka ce mai riƙe ruwa, hafir na zama a cikinta da kyau, kuma shi kam ba ya bukatar izinin kowa a tarayya. Amma hafir marar shinge da matata, wanda jaki da yaro ke shiga tare, asibiti yake aika mutane. Idan injiniyan hukuma ya ce layin ba zai ɗauki reshe ba, ku roƙe shi ya nuna muku awon ƙarfin ruwa a mahaɗar da ta fi kusa da ku, na dare da na rana. Ni ban ga layinku ba, yana yiwuwa gaskiya ya faɗa, musamman yanzu da garin ya cika da baƙin da yaƙi ya koro. In awon ya nuna haka, sai ku juya takardar nan taku, da alƙalumanta, ku nemi hafir da ita kafin ruwan farko ya sauka, don injin haƙa ba ya shiga wannan laka in ta jiƙe.